Wurin Mutum Uku a Kan Babur

Bayan Rafi, Madadi,
6 ga Afrilu.

Zuwa ga ƙanwata Lailatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam Mahbub da yara. Yaya zafin Kabo? Yaya kunnen Hauwa, ya daina ruwa? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Kin san wuri ɗaya ake samun sabis a gidan nan, gindin darbejiyar ƙofar ɗakin mahaifinmu Bappa, ciwon shanyewar ɓarin jikin nan kuwa hannu da ƙafa ya taɓa masa, bai taɓa kunne ba. Maganar kuma tasa ce.

Jikin da sauƙi. Tun da muka fara kai shi gashin ƙashi asibitin Gwarzo duk Talata, yatsu biyu na hannun daman sun soma motsi. Mai gashin ya ce idan aka ɗore zai koma cin tuwo da hannunsa, idan kuwa aka tsaya wata biyu ko uku hannun zai sandare, shi ke nan. Kin san yadda yake jin nauyin a ba shi a baki. Wani lokacin gara ya ce ya ƙoshi.

To ga damuwar. Yanzu mota tana shigowa ta cikin rafi saboda a bushe yake. Da damina ta zauna babu mai ƙafa huɗu da zai ƙetare sai jaki da saniya. Sai dai babur, yadda ake ɗaukar marar lafiya: shi a tsakiya, wani a baya yana riƙe da shi. Shekaranjiya na ce mu gwada a tsakar gida. Na hau, aka ɗora Bappa a bayana, ƙaninmu Zainulabidin ya zo hawa ya tarar kujera ta ƙare. Shi da yake kamar sillen kara! Ya ɗosana a kan kariya, ƙarfen ɗora kaya na baya, ina tayarwa ya zame ya zauna daɓas a ƙasa, Bappa ya karkace, da ƙyar matata Sabuwa ta taro shi. Babu wanda ya yi dariya. Ni na cinye wurin mutum biyu, kowa ya gani.

Na ce zan nemo ɗan acaba siriri. Bappa ya ce shi ba rago ba ne da za a ɗaure a bayan baƙo a kai kasuwa, in ɗansa ba zai iya ba a bar shi da hannunsa. Kin san in ya faɗi magana ta zauna. Zainu kuwa keke ma da addu'a yake hawa, balle babur a cikin yashi.

Ranar Talata na hau sikelin asibiti, kilo ɗari da tara. Na dawo na zagaya cikina da tef ɗin da nake auna shanu kafin in yi musu allura, abin da ya nuna ba zan rubuta ba. Kunya ta kama ni, Lailatu, ba kunyar tumbin ba, kunyar a ce tumbina ne zai tsaya tsakanin Bappa da hannunsa. Na sa alli na ja layi a kan kujerar babur inda nake so zamana ya tsaya, taƙi ɗaya nake nema kafin ruwa ya sauka. Ki taya ni da addu'a, kuma kada ki gaya wa mijinki, ya ishe ni da tsiya tun ba yau ba.

Sabuwa tana gaishe ki. Ki shafa min kan yara.

Yayanki,
Haladu.


Bayan Rafi, Madadi,
3 ga Mayu.

Ƙanwata Lailatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida maigidan da yara. Saƙonki ya iso, daddawar ta yi daɗi, Bappa ya sa albarka. Na kuma gode da shawarar jiƙon tsamiya, na sha, abin da ya yi min daban ne.

Wata guda ke nan, kilo ɗaya na rage. Ɗaya tak, ƙila ma takalmi na cire. Kin tambaye ni me nake ci haka. To ba a gida abin yake ba. Ke kin san aikin malamin dabbobi: a rana sai in zaga ruga shida ko bakwai, daga nan har bayan Getso. Ina kafe babur, kafin in buɗe jakar magani, an shimfiɗa tabarma an ajiye ƙwaryar fura, nono kindirmo, wata har da man shanu a sama. Shekara goma sha ɗaya ina shan ƙwarya bakwai a rana, a zaune a kan babur, in dawo gida kuma in ci tuwon Sabuwa don kada a yi fushi.

Sai na yanke shawarar in daina karɓa, kuma nan na yi wauta. A rugar Inna Zinnira na fara, tsohuwar nan da ta yi goyon Zainu. Ta kawo, na ce alhamdu lillahi na ƙoshi. Ta tsaya tana kallona kamar na zage ta, ta ɗauke ƙwaryarta ta juya. Kwana uku labari ya zaga rugage cewa ɗan Bappa ya zama ɗan birni, yana ƙyamar ƙwarya. Wasu suka ce tsoro nake a sa min wani abu. Saniyarsu ta kasa haihuwa ba su kira ni ba, sai da ɗan maraƙin ya mutu na ji. Abin ya tsaya min a rai ƙwarai. Washegari na koma shan fura ko'ina, har da neman ƙari, don in wanke kaina.

A gida ma ba a bar ni ba. Na ce wa Sabuwa ta rage min tuwo, ta ce so nake a ce ta kasa riƙe miji, ita da ta same ni kamar muciya ta mayar da ni mutum. Ta yi kwana biyu tana gaishe ni da gefen baki.

Abin da na iya riƙewa shi ne rafi. Duk lokacin da na zo ƙetarewa sai in sauka in tura babur a cikin yashin, zuwa da dawowa. Ranar farko sau huɗu na tsaya, ƙirjina kamar ana daka, har wani mai jaki ya tambaye ni ko mai ne ya ƙare ya taimaka min. Yanzu sau biyu nake tsayawa. Amma alli yana nan inda na ja shi, gajimare kuma ya fara haɗuwa ta gabas. Gaskiya na karaya.

Ki gaida kowa. Allah Ya sada mu da alheri.

Naki,
Haladu.


Bayan Rafi, Madadi,
9 ga Yuni.

Lailatu ƙanwata,

Assalamu alaikum. Barkanmu da Sallah, da fatan kun yi lafiya, Allah Ya maimaita mana. Yaya yara da ɗokin sababbin kaya? Yaya ruwa wajenku, kun yi shuka? Mu mun yi ta gero, ta fito da kyau.

Kin ce in je in faɗa wa Inna Zinnira gaskiya. Na daɗe ina jujjuya maganar, domin kin san Bappa ba ya son a kai lalurarsa waje. Amma na je. Na durƙusa na ba ta haƙurin maraƙin, na gaya mata komai, har da faɗuwar Zainu. Ta ce ashe wawa ne ni, me ya hana ni buɗe baki tun farko? Ta ce ita da Bappa tare suka yi kiwo suna yara, hannun nan shi ya ciro ta daga rijiya. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙaramin ƙoƙo na tsala, nonon da aka cire wa mai, babu fura babu sukari. Ta ce daga yau wannan ne rabona.

Lailatu, rediyo ba ta kai matan rugage saurin kai labari ba. Kafin mako ya zagayo duk inda na sauka ƙoƙon tsala ne, wani wurin da dafaffen zogale. Ranar nan yunwa ta ci ni a wata ruga kusa da Getso, na roƙi ko dunƙule ɗaya na fura, matar ta ce wallahi ba da ita ba, Inna Zinnira ta ce duk wadda ta ba ni ta kuka da kanta. Mazan kuma sun gano abin yi da ni. Da ina tsaye su kayar da bijimi in soka allura, yanzu ni ake miƙa wa igiya. In na gama a nuna min rijiya a ce shanu ba su sha ruwa ba. Guga arba'in na ja shekaranjiya.

Sabuwa da ta ji duk gari ya san dalili, ba za a zarge ta ba, sai ta fi kowa tsanani. Malmala ɗaya, miya da yawa. Da Sallah tsoka uku ta ƙirga min ta kulle sauran suyar a ɗaki, ta rataya makulli a wuya. Da hannuna na yanka ragon nan!

Na daina hawa babur zuwa masallaci da gona. Da yamma ina ɗaure buhun gero biyu a bayana in yi ta ƙetare rafi, don ƙafafuna su saba da tare nauyi in babur ya karkace. Ranar Talata sikelin asibiti ya ce casa'in da tara. Wanduna sai da Sabuwa ta ƙara musu zariya, mutane kuma a kasuwar Gwarzo sai yi min sannu da jiki suke, wani har ya ba ni sunan mai magani. Saura yatsa uku in kai alli. Rafi ya fara kawo ruwa yana janyewa, direban ya ce zuwa biyu ya rage masa.

Bappa kuwa, Zainu ya ce in ina ɗaure buhunan yakan sa a ɗaga masa labule.

A gaida Malam Mahbub, ki ce masa ya tanadi wata tsiyar, waccan ta ƙare.

Yayanki,
Haladu.


Bayan Rafi, Madadi,
8 ga Yuli.

Zuwa ga ƙanwata abar alfaharina, Lailatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gidan gaba ɗaya. Ina fata damina tana yi muku kyau. Ki zauna kafin ki karanta, kuma ki yi alhamdu lillahi tun yanzu.

Mun kai shi. Jiya Talata, a kan babur ɗina, mu uku.

Ranar Litinin aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, direba ya aiko cewa sai kaka in Allah Ya kai mu. Washegari da safe na fito da babur na goge shi, na duba iska da birki. Na shiga na gaishe da Bappa na ce lokacin asibiti ya yi. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce a miƙo masa hularsa. Na hau na matsa har jikin tanki, aka ɗora shi, Zainu ya ɗaga ƙafa ya zauna a kan kujera sosai, ba kariya ba, har yana cewa akwai sauran wurin kaza. Sabuwa ta juya baya tana share ido da mayafi.

Da muka iso rafi sai na ga mutane a tsallake. Inna Zinnira ce da matan rugage, sun ajiye ƙoren nononsu a kan hanyar kasuwa sun tsaya. Ruwan ya kusa gwiwa, ja wur, yana gudu. Na yi bisimilla na shiga ta inda na saba bi da buhuna. Muna tsakiya tayar baya ta faɗa wani rami da ruwan ya haƙa, babur ya kwanta dama, ɓangaren da Bappa ba shi da ƙarfi. Na ji Zainu ya yi salati. Na dira ƙafa a cikin yashin na tokare. Nauyin mutum biyu da babur duk ya dawo kan cinyata ɗaya, ruwa yana tura mu. Haladun watan Afrilu da ya zube da su gaba ɗaya, wannan ba na shakka. Na riƙe, na ja numfashi, numfashin kuma ya zo. Na ɗago mu, na ba shi wuta a hankali, muka fita. Guɗar da matan nan suka rangaɗa, na tabbata an ji ta a Madadi.

Ban tsaya ba sai ƙofar ɗakin gashi. Zainu ya sauka, ya zo sauke Bappa, sai ya ce in dakata kada in motsa. Na ce lafiya? Ya ce in duba ƙuguna. Lailatu, hannun dama ne. Ya damƙe rigata tamau, yatsu biyar ɗin duka, tun daga cikin rafin. Hannun da ko cokali ba ya riƙewa. Mai gashin ya fito ya gani da idonsa, ya ce kada a ɓamɓare, a bar shi ya sake da kansa. Muka tsaya a haka a gaban mutane, ni a kan babur, Bappa yana buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Mai gashin ya ce in aka ci gaba da zuwa, kafin a yanke gero da hannun nan zai ci sabon tuwo.

Ke kin taso a kan cinyarsa, ba za ki gane ba. Ni ɗan fari ne, ban taɓa sanin ya riƙe ni ba, ko a hanya muka haɗu gefe yake kallo. Shekarata arba'in da ɗaya. Da suka shiga ciki na zagaya bayan ɗakin na yi kuka sosai, ba na jin kunyar faɗa miki.

Sikeli ya ce casa'in da biyar, amma wannan ko a jikina. Rigar tana nan rataye a ƙusa, wurin da ya riƙe duk ya yamutse. Sabuwa ta zo ɗauka za ta wanke, na ce ta bar min ita haka.

Bappa yana gaishe ki, Zainu da Sabuwa suna gaishe ki. Allah Ya saka miki da alheri, Ya raya miki zuri'a.

Ni ne yayanki mai ƙaunarki,
Haladu.