Katakon da Na Ƙona da Gangan

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu ma lafiya, in an cire Baba, wanda likita ya ce ya warke, shi kuma bai yarda ba.

Tun da hannunsa ya fara rawa ya kulle shagonsa na kafinta, ya koma ɗaki yana kallon bango. Wata biyar ke nan. Mama ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta gaji. Ni kuma da na yi karatu mai zurfi, na zaɓi ƙarya.

Kin san injin da nake aiki da shi, mai yanka katako da siririn haske mai zafi. In katako yana da kauri ba a sakar masa wutar gaba ɗaya. Rage ƙarfin ake yi, hasken ya bi layi guda sau shida ko bakwai, kowane zagaye ya ci kaɗan. Tun ina aji biyu a jami'a na san haka. Amma ranar Litinin na ƙure ƙarfin, na yanka fure a zagaye ɗaya. Gefensa ya fito baƙi ƙirin kamar gawayi. Na zo da shi gida, na yi kamar na manta shi kusa da kofin shayin Baba.

Ya yi kamar bai gani ba. Sai dai Mama ta kama shi yana shinshinawa.

Ki shafa min kan yara.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina yi miki fatan alheri. Ya jikin ƙaramar?

Fure huɗu na ƙona kafin ya tanka. Jiya ya ce, “Auta, wai mai gasa nama ne ke koya muku aiki a can?” Na ce halin injin ne, ba yadda zan yi. Ya dube ni kamar yana juyayin shekarun da na yi a makaranta.

Kada ki ga ina wasa, tsoro nake ji. Kin san shi. In ya gane tausayinsa ake ji, zai rufe bakin nan, kuma ba mai sake buɗe shi.

Taki,
Auta

Yaya,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Zauna tukuna.

Yau da safe na tarar da shi a bakin ƙofa da takalmansa na aiki. Mama ta shige kicin don kada ya ga fuskarta.

A wurin aiki ya zagaya injin sau biyu bai taɓa shi ba. Ya zaɓi katako da kansa, ya ce in rage wutar. Na rage. Ya ce in ƙara ragewa. Muka tsaya muna kallon hasken yana bin layinsa, hayaƙin fari siriri. Bayan kowane zagaye sai ya sa in dakata, wai icen mai maiƙo ne, a bar shi ya huce. Wannan ba ya cikin littattafaina.

A zagaye na biyar zumuɗi ya ɗebe ni, na buɗe murfin zan ɗaga katakon in ga ko hasken ya huda shi. Ya buge min hannu, da hannun nan mai rawa.

“In ya motsa, ta ina hasken zai sake samun layinsa?” Sai ya rage murya. “Duk cikin kurakuranki, wannan ne kaɗai na gaskiya.”

Yaya, na rasa inda zan sa idona. Ina jira ya ce mu tafi gida. Sai ya jawo kujera, ya ce in nuna masa maɓallin farawa da na tsayarwa. Biyu ne kacal, manya, ko da gwiwar hannu za a iya dannawa.

Furen ya faɗo a zagaye na takwas, gefensa launin zuma. Ya juya shi, ya ɗauko wani katakon, ya ce numfashina yana damunsa, in je in nemi abin yi.

Na fita, na ja masa ƙofar a hankali. A kan benci nake rubuto miki, ina jin injin ya sake tashi.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta