Barandar Ƙanena Tana Leƙa Tsakar Gidana

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya mini a wuya.

Ni injiniyan gini ne a nan Jibiya, ina zaune da iyalina a gidan gado da kakanmu ya gina a gindin wani tudun dutse, tun lokacin da Turawa suka fara zuwa suna kafa alamar iyaka tsakaninmu da ƙasar Faranshi. Saman tudun ma namu ne, amma tsoho bai taɓa shi ba, ya ce gangare ne, ba mai iya ɗora gida a can. To ni tun ina makaranta wurin nan yake raina, na zana mashi gida, na gyara, na sake gyarawa, ina cewa wata rana. Wata ranar ba ta zo mini ba, ƙanena ta zo wa. Allah Ya buɗa mashi a harkar fatauci tsakanin nan da Maraɗi, ya same ni ya ce Yaya wa zan kai wa aikin nan in ba kai ba. Ni kuma da son a ce na iya, na ɗauko zanen nawa na miƙa mashi.

Wallahi na sha wuyar aikin nan. Tifa ba ta iya hawa, da jakuna muka riƙa kai yashi da siminti. Muka fasa dutse muka yanka tudun hawa-hawa, na ɗaure kowane hawa da katangar kankare da rodi don kada ƙasa ta zame, na fitar wa ruwan sama hanya ta bayan gari don kada ya sauko kan gidana. Yanzu gida ya tashi, duk wanda ya doso boda sai ya rage gudu ya ɗaga kai. Kuma me suke cewa? Gidan Alhaji! Ni da na yi baƙi a rana, ko sunana ba a kamawa. Ba zan ɓoye maku ba, ina jin haushi, in na fito alwala da safe na hango shi a saman kaina sai raina ya ɓaci.

Abin da ya fi komai kyau a gidan wata baranda ce a bene, in ka tsaya har gonakin Nijar kana gani. Ranar da aka cire katakon da ya tallafi kankaren benen na hau na leƙa ƙasa, sai ga tsakar gidana a buɗe, ga uwargidana tana wanke-wanke ba mayafi. Da na zana barandar ai don kaina na zana, ban taɓa kawo wani ne zai tsaya a wurin ba, shi da baƙinsa.

Na sauko na samu ƙanen nawa na yi ta faɗa, har na ce don ya ga ya samu shi ne zai tona mini asiri. Ban bar mashi komai ba. Na so ya yi gardama, ya ƙi. Kansa a ƙasa ya ce shi bai san komai a gini ba, in na ce a toshe ta da bulo a toshe, gobe ma. Wannan ladabin ya fi ƙona mini rai. Da na gaya wa uwargida sai ta ce ita ba ruwanta, in don ita ne a ja mata rumfar kwano a tsakar gida magana ta ƙare, kuma in daina sa sunanta a abin da ni na san dalilinsa.

Na san ina da hakkin in ce a toshe, ba malamin da zai ba ni laifi. Na kuma san rumfar za ta wadatar. Masu filasta sun iso bene, ni kaɗai suke jira.

Jama'a me zan ce masu? In sa a toshe, ko in ja rumfa in haƙura? Ku gaya mini gaskiya ko da zafi, don ni har yanzu na kasa ganewa, matata nake karewa, ko so nake ƙanena ya rasa barandar da ni ban samu ba.