Tikitin Inna Ya Dawo Maka

Zuwa ga Yaya Ja'afaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti Maijidda da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a Legas. Mu nan sai godiya. Gero ya fara fitar da kai, ko da yake bana bai ga takin zamani ba, sai toka da kashin awaki. Idon Inna na hagu kuwa ya rufe gaba ɗaya.

Tikitin jirgin da ka aiko don ta zo a yi mata aikin idon ya iso. Sau biyu na karanta sunan kamfanin, na ɗauka nawa idon ne ya fara lalacewa. Yaya, kamfanin da ya kori mijina Muntaka daga aikin gyaran jirgi ne.

Ka fi ni sanin labarin, amma bari in tuna maka, tunda manyan ma'aikata akwai mantuwa. Muntaka ya tarar ƙarfen da ke kulle kujerar matuƙi a kan layinta ya cinye. Ya rubuta cewa in jirgi ya ɗaga hanci, kujerar na iya zamewa baya da matuƙin, hannunsa na riƙe da sitiyari. Ya ƙi sa hannu a takardar cewa jirgin lafiya yake. Hukumarku ta turo mai bincike, wato kai. Muntaka ya ce da ka zo, ka zauna a kan kujerar, ka girgiza ta sau biyu kamar mai taya kujera a kasuwar Gezawa, ka sa hannu, ka wuce cin abinci da manaja. Mako bai zagayo ba aka sallame shi.

A ƙauyen nan ba wanda ya gane. Dattawa sun zaunar da shi bayan Juma'a, suna mamakin mai 'ya'ya huɗu ya rasa aikin jirgi saboda kujera. Baba Sama'ilu, da zuciya ɗaya, ya ce da an faɗa masa, da ya tura Tasi'u kafinta ya buga mata ƙusa biyu, magana ta ƙare. Aka yi dariya. Muntaka ya ɗauki fartanyarsa ya koma gona.

Na tambaye shi ko an canza ƙarfen daga baya. Ya ce tsohon abokin aikinsa ya tabbatar masa ba a taɓa ba, kuma jirgin ne ke tashi daga Kano zuwa Legas kullum da safe. Tikitin Inna na safe ne.

Don haka ga shi nan cikin ambulan. Ranar Talata zan kawo ta a mota, ko bayanta zai yi mako yana ciwo. Ta yi fushi da ni sosai, wai ina mata baƙin cikin hawa jirgi sau ɗaya a rayuwarta. Ban gaya mata dalili ba. Har gobe in baƙi sun zo, faɗa musu take yi ɗanta ne ke duba jirage don kada su faɗo da mutane. Ni ba zan iya gyara mata zancen ba. In mun iso, kai ka yi mata bayani.

Ka gaida Anti Maijidda da Hafsatu da Basiru. Muntaka bai ce in gaishe ka ba.

Ƙanwarka,
Furera