Jinina Ya Yi Haske a Hannun Auta

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan mun gode Allah. Uwar yara na fama da ɗinkinta, babban yaron kuma an ƙara masa girma a wurin aiki. Na zaɓi rubutu maimakon kiran waya ne don na san halinki: kafin in kai tsakiyar magana kin fara kuka, ni kuma in rasa ta cewa.

Kin san 'yata Auta ta daɗe tana aiki a ɗakin bincike. Na taɓa kai mata abinci, ta zagaya da ni: firij a jere, 'yan kwalabe kamar na turare, kowa da farar riga da safar hannu. Ta ce suna ɗaukar zaren DNA, wato abin da ɗa ke gada daga iyayensa, su naɗe shi ya zama ƙwayoyin da ƙurar gari ma ta fi su girma. In an zuba su a jini suka ci karo da alamar ciwon daji, sai su yi koren haske a ƙarƙashin wata fitila. In babu, su zauna a duhunsu. Na ce ashe duk bokon nan lantarki ta koyo, to ta zo ta gyara mana na falo.

Kwanakin baya suka nemi jinin masu lafiya don su gwada aikin. Ni da bakina na ce a sa ni, ina cika baki cewa duk shekarun da na yi ina tuƙin babbar mota ko allura ba a taɓa yi mini ba. Ba a sa suna a kwalaben, don haka ba ta san na wa take dubawa ba. Na masu lafiya duk suka zauna a duhu, ban da ɗaya. Ta ɗauka kuskure ne, ta sake, ya sake haskawa. Daga baya shugabanta ya kira mu ofishinsa tare, ya ce jinina ne, amma gwajin nasu sabo ne, in je asibiti a tabbatar.

Yaya, zaman jiran nan ya ci yarinyar. Ta gaya wa uwarta cewa dare da rana roƙonta ɗaya, Allah ya sa aikinta ne ya lalace, ko da shekarunta duk sun tafi a banza. Amma hoton asibiti ya nuna ɗan ƙari a hantata. Likita ya ce an kama shi da wuri, za a yi aiki a cire, kuma da na jira sai na ji ciwo, da labari ya sha bamban. A wurin aikinsu murna ake, har wani da bai san ni ne ba ya tare ta yana mata barka. Tun ranar ba ta koma ba. Za ta kawo mini abinci ta ajiye, ba ta yarda mu haɗa ido. Na ce mata rigakafi ya fi magani, ita ce ta cece ni, ta ce ita gani take kamar da hannunta ta sa mini ciwon.

Tsoron wuƙa ina jin sa, ba zan ɓoye miki ba. Amma abin da ke hana ni sukuni yarinyar nan ce. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma tun tana ƙarama maganarki, ke Gwaggonta, ba ta faɗuwa ƙasa a wurinta. Ki kira ta. Ki ce ta koma aikinta, akwai iyayen wasu da ke jira. Ki kuma gaya mata cewa ranar da za a tura ni ɗakin tiyata, fuskarta nake so in gani kafin maganin barci ya ɗauke ni.

Ki gaida maigida, da amarya da angonta, da ɗan takwarana mai ƙiriniya. Uwar yara na gaishe ki. A saka mu a addu'a.

Ƙaninki,
Direba