Asalin Sunan Mista Doyle

Yaya Muttaka,

Gaisuwa mai yawa daga Doha. Yaya Inna, da Haulat mai jego?

Ina alfaharin sanar da kai cewa ilimina ya ƙaru. Na je neman hutun suna wajen shugabanmu na masu gadi, Mista Doyle, mutumin Ireland. Ya karantar da ni cewa sunansa daga tsohon harshensu na Gaelic ya fito, ma'anarsa zuriyar baƙon nan baƙi, kuma sun riƙe shi ƙarni da ƙarni. Na jinjina masa. Sannan ya ce, "Babu hutu sai an gama gasar kofin duniya, Mohammed." Shekara uku ina aiki ƙarƙashinsa, bai riƙe sunana ba.

Lafiyata ƙalau. Ku yanka ragon ba ni. A sa wa yaron sunan Baba, kuma sanƙira ya faɗe shi da ƙarfi.

Ƙaninka,
Surajo