Turaku Goma Sha Huɗu a Tudun Malam Lawal

Gauraka, Talata 7 ga Oktoba 2025, ƙarfe 4:20 na yamma, a rumfar wani bakanike, ina jira ruwa ya ɗauke.

Rebeka tawa,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, da Baba da Mama da ciwon ƙafarta.

Ba zan iya zuwa gaisuwar iyayenki ranar Asabar ba. Ga dalili. A bayan ƙauyen Chaza akwai tudu mai koren dutse, mai santsi kamar sabulu. Dawa ba ta yi a ƙasarsa, shi ya sa mai wurin, Malam Lawal, ya bar shi ba noma. A can na ga wani ɗan tsiro mai shuɗin fure, tsawonsa santimita tara. Guda goma sha huɗu ne. Bai dace da ko ɗaya cikin tsirran da ke littattafanmu ba. Malamata ta jami'a ta ce fure kaɗai bai isa shaida ba, sai da 'ya'yansa, kuma saura kamar kwana goma su nuna, dole in tsaya ina lura da su. Na kafa turke kusa da kowanne, na shafa wa turakun jan fenti don kada tsirran su ɓace mini.

Kullum idan na durƙusa ina awo, ke nake so in nuna wa. Ki ba Baba haƙuri.

Naki,
Joshuwa

Gauraka, Asabar 18 ga Oktoba, ƙarfe 11:05 na safe.

Rebeka tawa,

Ina gaisuwa. Yaya gida? Na ji shiru.

Na kai samfurin ƙasar tudun Minna don gwaji, kwana biyu. Da na dawo na tarar an share tudun, an yi kunyoyi, an dasa rogo. A nan jan turke alama ce an auna fili za a sayar, kuma maƙwabtan Malam Lawal uku sun rasa gonakinsu ta haka. Shi ne ya dasa. Ya san rogon ba zai yi ba, so yake a ga wurin yana da mai shi. Ban taɓa zuwa gidansa na yi masa bayani ba. Laifina ne. Jiya ya taya ni nema har azahar, ba mu sami ko tsiro ɗaya ba. Fure uku da na busar cikin jarida su suka rage.

Abubuwan da ban sani ba:

Kamannin 'ya'yansa.
Ko wata saiwa ta tsira a ƙarƙashin kunya.
Ko yana fitowa kowace damina.
Ko Baba zai sake sa mana rana.
Ko kina karanta wasiƙuna.

Gobe zan shigo motar Kafanchan ta farko.

Naki kullum,
Joshuwa