Makeron da Na Ɓoye a Hannun Riga

Malama, don Allah ki agaza mini, kunya ta hana ni sakat. Ni mai aski ne, shekarata goma sha ɗaya a sana'ar. Wata biyu ke nan makero ya fito mini a hannun hagu, daidai inda na saba gwada kaifin reza kafin in ɗora wa mutum a fuska. Ban daina gwadawar ba, hannu ya riga ya saba.

Wani malamin makaranta da nake yi wa aski ya taɓa cewa an jarraba ruwan tafarnuwa da kanumfari a ɗakin bincike, sun kashe ƙwayar cutar. Na daka, na ɗaure da bandeji. Fata ta saluɓe, makero na nan daram. Yanzu riga mai dogon hannu nake sawa, matata kuma na ce mata ruwan zafi ne ya zubo mini.

Ga inda ta ɓaci. Surukina, baban matata, ba ya yarda kowa ya taɓa gemunsa sai ni, yau ga makero a haɓarsa. Ya ɗora laifin kan tawul ɗin ƙaninsa, har sun daina gaisawa. A kan kujerata yake ba ni labarin, ni kuwa sai sunkuyar da kai. Wallahi na tsani kaina. Da wane ido zan dube shi?

Mai aski, cikin kunya

Ɗan'uwa, makero ba abin kunya ba ne, shirun ne ya zama laifi. Malamin bai yi ƙarya ba, ana binciken kayan ƙamshi a kan irin wannan cuta. Amma abin da aka tace aka auna daban, abin da ka daka a turmi daban, kuma ɗanyar tafarnuwa na ƙona fata. Kwance bandejin ka je asibiti. Ka tsabtace kayan aikinka bayan kowane aski, ka bar gwada reza a jikinka.

Na san kana tsoron zubewar girma a idon suruki, amma ƙaninsa na ɗauke da laifinka. Fara gaya wa matarka, sannan ka je ka sami Baban nata a gidansa, ba a shago ba. Naɗe hannun rigar ya gani, ka ba shi haƙuri, ku tafi asibitin tare. Zai yi faɗa, ka jure. Daga can ku biya wajen ƙanin nasa, shi ma yana jiran nasa haƙurin. Allah ya ba ku lafiya.